Faranti na Biyu

"Sun mutu?"

"Sun mutu."

"Dukansu?"

"Sai 'yan tsiraru a gefe, su ma ba alamar za su kai gobe."

"Kai, madalla! Allah ya maimaita mana."

"Amin. Wa zai ɗora ruwan shayi?"

Duk wanda ya bi ta barandar saman benen nan ya ji irin wannan hira daga bayan ƙofa, ƙara sauri yake yi. An taɓa samun wani mai gyaran famfo da ya ajiye kayan aikinsa ya sauko, ya tambayi mai gadi wane irin mutane ne ke zama a sama. Mutanen kirki ne. Aikinsu ne ya zo da haka. Ɗakin bincike ne, kuma waɗanda ake wa fatan mutuwar ƙwayoyin ciwon daji ne, da ake kiwo a cikin 'yan kwalaben roba domin a gwada musu magunguna.

Kafin a kashe su kuwa, sai an raya su. Wannan shi ne aikin wata mata 'yar gajera mai tabarau, wadda kowa a ginin, har mai shara, yake kira Mai Reno.

Ita ce ke ba su abinci, wani ruwa ja-ja mai haske da take tsotsowa da siririn bututu. Ita ce ke sanin sun ji yunwa, domin ruwan yakan koɗe. In sun yi yawa sun fara hawa kan juna, ita ce ke raba musu gida. Suna kwana a cikin akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, kuma ba su san ranar hutu ba, saboda haka ita ma ba ta sani ba sosai. An sha yin biki a danginsu ta sulale ana tsakiyar hira. In aka tambaya sai a ce, "Ta tafi wurin 'ya'yanta." Tana da 'ya'yan nata na cikinta, biyu, sun girma, kuma sun daɗe da haƙura da waɗannan ƙannen da ba a gani da ido.

Ba ta taso da niyyar wannan aiki ba. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, aka kai ta gidan yayan mahaifiyarta, Kawu, mai gyaran agogo. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani dogon gini yake, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannu biyu ya taɓo bango da bango ba. In ta dawo daga makaranta sai ya ɗora ta a kan kanta, ya manna mata ɗan gilashinsa a ido, ya buɗe mata cikin agogo.

"Me kika gani?"

"Haƙora."

"Haƙoran wa?"

"Na wata 'yar ƙafa, tana cizon 'yar'uwarta."

"To, kalla da kyau. Amma kada ki yi numfashi a kansa."

Da ta gama makaranta, a gidan ƙyanƙyasar kaji ta fara samun aiki, tana tsaron zafin injin, tana haska ƙwai da fitila don ta ga mai rai. Daga nan ta koma karatun aikin ɗakin gwaji da yamma. Ranar da ta fara shiga ɗakin ƙwayoyin, wadda ta koya mata aikin ta fesa mata sifirit a safar hannu, ta ce, "Doka ta farko, in kin buɗe kwalba ba magana, ba tari, kada ma ki yi numfashi a kansu." Mai Reno ta yi dariya har matar ta tsargu.

A saman nasu benen akwai wani, na masu haɗa sinadarai. Su ne ke ɗauko wani abu daga ɓawon itace ko saiwa, su tace, su sauya masa nan, su ƙara masa can, su aiko da shi ƙasa a cikin kwalba kamar ɗan yatsa, 'yar hoda a gindinta da ba ta kai a lasa ba. Kowace hoda da lamba take zuwa, doguwa, ba mai iya riƙe ta. Don haka a ɗakin Mai Reno sunansu ɗaya: Baƙuwa. Ba a raɗa wa hoda sunan kanta sai ta tsallake faranti na biyu.

Farantin wani ɗan faifan roba ne mai ramuka jere, kamar kwalin ƙwai da aka ƙanƙance. A na farko ana zuba ƙwayoyin daji. A na biyu ana zuba ƙwayoyi masu lafiya, irin waɗanda ke jikin kowa. A ɗiga wa duka biyun Baƙuwa, a jira. Abin nema shi ne ta kashe na farko ta ƙyale na biyu. Sai dai masu lafiyar ba su da gaggawa. Ƙwayoyin daji kafin ka juya sun cika ramin, su kuwa sai an lallaɓa su, an jira su, don haka kullum farantinsu a baya yake zuwa. A 'yan kwanakin da ke tsakani ne mutanen ɗakin ke shan shayin murna. Sun san murnar aro ce. Suna yi ne kawai don in ba su yi a nan ba, shekara za ta iya wucewa ba su samu dalili ba.

Wannan ɗabi'a ce ta biyo Mai Reno har shagon Kawu, a ranar da bai kamata ba.

Kawu ya daɗe yana fama da ciki yana ɓoyewa, har wandonsa ya fara zamewa. Da kyar matarsa ta tura shi asibiti. Ranar karɓar sakamako Mai Reno ce ta raka shi. Likita ya ce ƙari ne a hanji, ciwon daji ne, amma an gan shi da wuri, in aka yi aiki aka cire akwai kyakkyawan fata. Ya sa musu rana. Kawu ya ninke takardar sakamakon ya sa a aljihu. Da suka fito ya ce shago zai koma, akwai agogon mutane. Ta bi shi, ta zauna a kan benci tana kallonsa yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki.

Sai wayarta ta yi ƙara. Dogo ne, abokin aikinta, wanda ta bar wa faranti na farko ya duba.

Shekara da shekaru bakinta ya saba. Kafin ta tuna inda take, ta miƙe tsaye.

"Sun mutu? Ƙwayoyin dajin? Da wannan 'yar mitsitsiyar hodar? Kai, Dogo, Allah ya yi maka albarka!"

Da ta kashe wayar, ta ga Kawu ya ajiye hantsaki, ya ture gilashin zuwa goshi, yana kallonta da ido biyu.

"Wace hoda ce wannan, 'yar nan?"

"Ta wurin aiki ce, Kawu. Gwaji ne kawai."

"Na ji. Ta kashe su dai?"

"A faranti."

"To ai ni ma cikina bai fi faranti ba."

Ta yi masa bayanin faranti na biyu, ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama lissafinsa. Bayan 'yan kwanaki sakamakon ya fito. Baƙuwa ba ta tsallake ba. Yadda ta share masu ciwon, kusan haka ta share masu lafiyar. Mai Reno ta biya shago da yamma ta gaya masa.

"Uhum," in ji Kawu, yana ɗaura wa wani agogo mariƙi. "Dama na san haka za ki ce."

"Gaskiya ce, Kawu."

"Ban ce kin yi ƙarya ba. Kowane wurin aiki da dokarsa. Ni ma in yaro ya ce in ba shi man agogo ya sa wa kekensa, cewa nake ya ƙare."

Washegari a wurin aiki ta buɗe jaka za ta ɗauko tabarau, ta ci karo da wata 'yar kwalba. Ta man agogo ce, an wanke ta tas, an shanya, an toshe bakinta da auduga. Ba ta san lokacin da Kawu ya jefa mata ba.

Da rana matar Kawu ta kira.

"Ke, me kika gaya wa kawunki? Ya ce ba inda za shi. Wai ba mai tsaga shi kamar kifi alhali 'yarsa na da maganin a firij. Har ya gaya wa mai aski, mai aski ya gaya wa duniya. Jiya wata mata ta zo daga bayan layi da hoton mijinta."

"Inna, wallahi ba magani ba ne."

"Ni na yarda. Shi za ki gaya wa. Ranar aikin nan fa ta matso, in ta wuce sai an sake bin layi, abin kuma ba jira yake ba."

Mai Reno ta daɗe tana juya 'yar kwalbar a hannu. Ta san Kawu. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin ya karɓi maganar mai agogo a kan abin da ke damun agogonsa ba. Mutum zai ce ruwa ne ya shiga, Kawu ya ce "to", ya buɗe ya duba da kansa. Sai ta tashi ta ƙwanƙwasa ofishin Dakta, shugabar ɗakin, wata doguwar mata da ke tafiya kullum kamar an biyo ta.

Dakta ta saurara har ƙarshe, ta ɗauki kwalbar ta ɗaga ta a haske.

"Ya ma fi mu iya wanke kwalba," ta ce. "Ɗakin ƙwayoyin ba zai shiga ba. Amma madubin ƙara girma na ɗakin waje, da kwalabe da farantan da muka gama da su, a rufe, ba laifi. Ki kawo shi."

Kawu ya zo da safe, cikin kayansa na fita, ya hau matakala yana hutawa a kowane kwana, yana cewa ginin yake kallo. Aka ba shi farar riga. Ta Dogo ce kaɗai ba kowa a ciki, hannuwanta suka rufe masa yatsu.

"Baba, ta yi maka kyau," in ji Dogo. "Saura albashi."

"Kai ne mai wayar?"

"Ni ne, Baba."

"To kai ka jawo. Naɗe mini hannun nan."

Mai Reno ta fesa masa sifirit, ya shinshina ya ce ya san wannan, da shi yake wanke gilashi. Ta zaunar da shi gaban madubin ƙara girma, ta nuna masa inda ake murɗawa. Bai bari ta ƙarasa ba. Yatsunsa suka sami wurin da kansu.

Ta fara ɗora masa kwalbar ƙwayoyin daji masu rai, waɗanda ba a ɗiga wa komai ba.

Ya sa ido a madubin ya leƙa.

"Waɗannan ne?"

"Su ne. Ba naka ba, amma danginsu ɗaya."

"Ikon Allah. Ni na ɗauka zan ga wani abu baƙi mai ƙafafu. Ai ba su da muni. Kamar duwatsun da aka shimfiɗa a tsakar gida." Ya ƙara murɗawa. "Ga wani nan ya ɗaure ƙugu."

"Rabuwa zai yi, ya zama biyu."

"Yanzu? Ina kallo?"

"Sai ka yi zaman jira, Kawu. Ba ya sauri a ido."

"To me ya sa su ba sa tsayawa?"

"Masu lafiya in sun taɓa maƙwabcinsu sai su dakata. Waɗannan abin da ke ce musu ya isa ne ya lalace."

"Na gane," ya ce, idonsa na kan madubin. "Akwai agogon da ke haka. In abin da ke riƙe masa gudu ya karye, hannayen sai su yi ta zagaya kamar mahaukata har ƙarfinsa ya ƙare. Mai shi ya zo yana cewa agogona ya cika lafiya." Ya ɗago. "Daga jikin wa aka samo su?"

"Wani marar lafiya, a wata ƙasa, tun da daɗewa. Ana ta rabawa ɗakunan bincike."

"Shi yana nan?"

"Da wuya."

"Su kuma ga su." Ya girgiza kai. "Ke kuma kina ba su abinci."

Sai ta kawo masu lafiyar, su ma masu rai. Waɗannan dogaye ne sirara, sun kwanta gefe da gefe duk fuska ɗaya, kamar gashin da aka taje. Kawu ya ce waɗannan an yi musu tarbiyya.

"To, kawo na hodar."

Ta ɗora faranti na farko. Shimfiɗar duwatsun nan ta tafi. Sai 'yan dunƙule-dunƙule suna yawo a ruwa, da ɓarɓashi. Kawu ya buga cinya.

"Yauwa! Ka ga aiki. Dogo, zo ka gani."

"Na gani, Baba. Ni na fara gani."

Ta cire, ta ɗora na biyu. Ya leƙa, ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Ya ɗago ya dube ta, irin kallon da yake mata tana yarinya in ta ce ba ita ta taɓa hantsaki ba.

"Wannan ai na farkon ne kika mayar."

"Na biyu ne. Duba rubutun gefe."

"Rubutu ke kika yi shi." Ya tura kujera baya. "Ba haka za a yi ba. Dogo, kai ba 'yata ba ne. Rufe rubutun nan, duka biyu. Ni da ita za mu juya baya, ka cakuɗa su yadda ka ga dama. Ni zan nuna muku wanda aka kashe mugaye a ciki. Shekarun da na yi ina kallon ƙananan abubuwa sun fi naku ku biyu a haɗe."

Dogo ya dubi Mai Reno, ta ɗaga masa gira. Ya manna takarda a gefen farantan. Kawu da 'yarsa suka juya suna fuskantar bango, kafaɗa da kafaɗa, shi cikin rigar da ta kai masa gwiwa.

"Kada ki leƙa," ya ce.

"Kai ne ke leƙe, Kawu."

Da suka juyo, ya zauna ya gyara zama. Ya duba na hagu, rami bayan rami. Ya duba na dama. Ya koma na hagu. Ya ciro ɗan gilashinsa daga aljihu ya manna a ido, ya ga ba ya haɗuwa da madubin, ya mayar. Dakta ta fito daga ofis za ta wuce, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wannan," ya ce a ƙarshe, ya nuna na dama. Kafin Dogo ya kai hannu ya ce, "A'a, tsaya." Ya sake leƙawa. Ya daɗe. Sannan ya janye hannunsa daga madubin ya ɗora a cinya.

"Bar shi, kada ka ɓare. Ko na faɗa daidai, caca na yi." Ya yi ajiyar zuciya. "Gawa dai gawa ce."

Ya juya ya ga Dakta. Suka gaisa, ta tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi.

"Ke ce babbarsu? To 'yata, in tambaye ki. Abin da ke kashe mai laifi da marar laifi, mene ne amfaninsa? Ai ruwan wanke bayan gida ma zai yi wannan."

"Zai yi, Baba, har ya fi ta sauri." Ta matso ta ja farantin, ta nuna masa layin ƙarshe. "Amma nan, inda muka ɗiga kaɗan ƙwarai, masu ciwon sun ɗan fi mutuwa. Ɗan bambanci ne, ido ba ya kama shi, sai na'ura. Shi za mu mayar wa na sama. Su sauya mata wani gefe, su sake aikowa."

"In ta tsallake fa?"

"Sai a gwada a jikin ɓeraye. In ta tsallake nan, a daɗe ana duba illarta, kafin a kai ga mutum ko ɗaya."

"Shekara nawa?"

"Da yawa. Kuma yawancinsu ba sa kaiwa. Tun da na zo ɗakin nan, waɗanda muka raɗa wa suna ba su cika hannu ɗaya ba."

"Kuma kuna zuwa kullum."

"Muna zuwa. Magungunan da ke asibiti yau, da yawansu ta irin farantin nan suka fara."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. Ya nemi a sake ɗora masa kwalbar farko, ta masu ran, wai yana so ya ga ko mai ɗaurin ƙugun nan ya rabu. Bai same shi ba, ya ce ya ɓuya a cikin jama'a. Ya yi tambaya a kan akwatin ɗumi, ya yi a kan ruwan ja, ya tambayi ko ƙwayoyin suna barci. Da ya ga agogon bangon ɗakin ya ce yana baya kaɗan, a kawo masa. Dogo da kyar ya karɓi rigarsa.

Mai Reno ta rako shi. A kan matakala ya tsaya hutawa, ya miƙo mata tafin hannu ba tare da ya dube ta ba. Ta ciro 'yar kwalbar man agogon daga aljihu ta sa masa. Ya jefa a nasa aljihun.

"Ranar nan da suka sa," ya ce, "wa zai ba 'ya'yanki abinci?"

"Dogo zai iya."

"Ya iya kuwa? Hannunsa kamar faranti."

"Ni na koya masa."

"To." Ya sauka taki biyu, ya sake tsayawa, ya riƙe ƙarfen matakalar. "Shi abin da za su ciro a cikina, ina suke kai shi?"

"Ɗakin gwajin asibiti. Su yanka shi siriri, su duba a madubi irin wannan."

"Wato wani zai gan shi, ni mai shi ban gani ba."

"Kawu kenan."

"A'a, da gaske nake. Ni na yi dakonsa." Ya juyo ya dube ta sosai. "'Yar nan, in mun je, ke kin san bakinsu. Ki roƙar mini likitan, in na farfaɗo, kafin su jefar, su bar ni in leƙa nawa ko sau ɗaya."